Motar Gudu Mai Sauƙin Kuɗi: Tsada Ta Yi, Ko Aljihun Mai Saye Ne Ya Rame?

A watan Afrilun 2022 kamfanin Toyota ya buɗe cinikin sabuwar motarsa GR86 a Birtaniya a kan fam 29,995, kuma cikin minti 90 aka saye duk kason da aka ware wa ƙasar na tsawon shekara biyu. A kowace irin sana'a, idan haja ta samu rububi irin wannan, mai ita komawa yake yi ya ƙaro. Amma Toyota ta riga ta sanar tun farko cewa motar ba za ta wuce shekara biyu a kasuwar Turai ba, kuma haka aka yi, domin a 2024 aka rufe cinikinta a can alhali masu so suna tsaye da kuɗinsu a hannu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa muhawarar da ake yi a kan motocin gudu masu sauƙin kuɗi ba ta tsaya ga ko mutane suna son su ba. Ana son su ƙwarai. Abin da yake neman gagara shi ne ƙera su da riba a kan farashin da ma'aikaci mai matsakaicin albashi zai iya biya.

Da an ce motar gudu, hankalin mutane yakan tafi ga Ferrari da Lamborghini, waɗanda na attajirai ne kuma kasuwarsu ba ta cikin wata damuwa. Wadda ake nufi a nan ƙarama ce mai ƙofa biyu, mai kujera biyu ko huɗun da na bayansu sai dai yara, gajera har direba ya ji kamar a kan tabarma yake zaune, injinta a gaba amma tayoyin baya ne ke tura ta, kuma galibi da giyar hannu. Ba a ƙera ta don ɗaukar kaya ko iyali ba, ba kuma don ta wuce kowa a miƙaƙƙiyar hanya ba. Daɗinta yana cikin kwana ne, inda sitiyari yake faɗa wa tafin hannu abin da tayoyin gaba suke taka, kuma mota take juyawa da zarar direba ya nufa. Injiniyoyin Mazda suna kiran wannan da kalmar Japananci jinba ittai, wato doki da mahayinsa sun zama jiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa ranar hawan sallah ya ga gwanin mahayi yana sarrafa ingarma da ɗan motsin linzami da matsin cinya kawai, ba ya bukatar dogon bayani a kan abin da suke nufi.

Masu ƙorafi suna cewa kamfanoni sun yi watsi da matasa da masu ƙaramin ƙarfi, kuma suna da hujjar da ake gani da ido. An daina ƙera Audi TT a Nuwamban 2023, Dodge Challenger da Chevrolet Camaro suka bi bayanta cikin 'yan makonni, Fiat 124 Spider ta riga su tafiya tun 2020, Honda S2000 kuwa tun 2009. Waɗanda suka rage kuma lambar da ke jikinsu sai hawa take yi. Masu kare kamfanoni suna amsawa da cewa ba a kwatanta kuɗin jiya da na yau kai tsaye, sai an sa hauhawar farashi a lissafi. Dukkansu suna da gaskiya, sai dai kowanne rabinta ya riƙe, kuma idan aka jera alkaluman a kasuwar Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar irin waɗannan motoci, wani abu yana fitowa fili wanda ɓangarorin biyu ba su cika ambata ba.

Mazda MX-5, wadda Amurkawa ke kira Miata, ta fito a bikin baje kolin motoci na Chicago a Fabrairun 1989 a kan dala 13,800. Idan aka auna wannan kuɗi da darajar dala ta 2024, ya kai kusan dala 35,000, alhali sabuwar MX-5 tana farawa ne daga wajen dala 30,000. Ke nan motar sauƙi ta yi, duk da cewa ta yanzu tana da jakunkunan iska da na'urar hana zamewa da kyamarar baya, kuma ƙarfin injinta ya tashi daga doki 116 zuwa 181. Haka abin yake ga 'yar'uwarta ta Toyota: a 2012 an sayar da ita a Amurka da sunan Scion FR-S a kan dala 24,200, wanda ya yi daidai da kusan dala 33,000 a 2024, amma GR86 da ta gaje ta ba ta kai haka ba. To, a dubi ɗaya ɓangaren. Datsun 240Z ta shiga Amurka a 1970 a kan wajen dala 3,500, kusan dala 28,000 ke nan a kuɗin yau, da ƙarfin doki 151, amma jikarta Nissan Z ta 2022 ta fara ne daga dala 39,990 da ƙarfin doki 400. Ford Mustang ta 1964 dala 2,368 ce, kusan dala 24,000 a yau, da inji mai ƙarfin doki 101, alhali mafi arha a cikin na yanzu ta haura dala 30,000 da ƙarfin doki 315, mai babban injin V8 kuwa ta wuce dala 40,000. Abin da alkaluman suke faɗa a fili yake: motocin da suka tsaya a kan ƙanƙanta da matsakaicin ƙarfi sun riƙe arharsu, waɗanda suka shiga tseren ƙarfin inji su ne suka yi tsada ta haƙiƙa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda ake haɗa mota. Ƙarfin doki ba ya zuwa shi kaɗai. Idan aka ƙara wa inji ƙarfi, dole a sa birki mai girma, a faɗaɗa tayoyi, a ƙarfafa giya da kuloci, a ƙara lagireto, a ƙara kaurin ƙarfen da ke riƙe da su duka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara nauyi, nauyin kuma yana sake neman ƙarin ƙarfi, kuɗi na biye da su a kowane mataki. Mazda ta bi hanyar da ta saɓa wa wannan, inda injiniyoyinta suke bin mota ƙusa bayan ƙusa suna neman inda za su rage ko da giram kaɗan ne, har ƙarni na huɗu na MX-5 da ya fito a 2015 ya fi wanda ya gada rashin nauyi da kusan kilo 100, kuma har yanzu nauyinta bai yi nisa da tan ɗaya ba. Rufinta na yadi ne, direba yana zaune zai kama mariƙi ɗaya ya cilla shi baya da hannu guda cikin 'yan daƙiƙoƙi, babu wani injin lantarki da zai ƙara nauyi ko ya lalace. Tetsuya Tada, injiniyan da ya jagoranci ƙera Toyota 86 ta farko, wadda aka sayar a Amurka da sunan Scion FR-S, ya ma fi haka ƙarfin hali, domin da gangan ya sa mata siraran tayoyi irin waɗanda ake samu a wasu Prius, motar Toyota mai tsimin mai, don mai mota ya ji motsin bayanta a gudun da ba zai hallaka shi ba, kuma idan tayar ta cinye ya iya sayen wata ba tare da ya ci bashi ba. A ganina wannan shi ne hankalin da ya kamata a ce ana yaba wa, amma tsawon shekara tara da motar ta yi a kasuwa ƙorafin da ya fi yawa a kanta shi ne ba ta da ƙarfi, a sa mata turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi.

Masu wannan kira sun manta abin da ya faru a shekarun 1990, ko kuma ba su san shi ba. A lokacin kamfanonin Japan sun shiga gasar nuna bajinta, Nissan da 300ZX, Mazda da RX-7, Toyota da Supra, Mitsubishi da 3000GT, kowanne yana ƙara turbo da na'urori don ya zarce ɗan'uwansa. Sai kuɗin Japan ya yi tashin gwauron zabi, har a Afrilun 1995 dala ɗaya ta koma kusan yen 80, farashin motocin a Amurka ya kai inda mai saye zai ce gara ya ƙara kaɗan ya sayi Porsche. RX-7 ta bar kasuwar Amurka bayan 1995, 300ZX a 1996, Supra a 1998 duk da babban ragin da Toyota ta yi mata a 1997, 3000GT kuma a 1999. Garin neman gira aka rasa ido. Wadda ta tsira daga wannan guguwa ita ce MX-5, ƙaramar da ake rainawa, wadda ta cika miliyan ɗaya a Afrilun 2016 kuma har yau ana ƙera ta a Hiroshima.

Akwai kuma wani tushe na arha da ya rushe ba tare da an lura ba. A da, motar gudu mai sauƙin kuɗi aro take yi. Mustang ta farko a kan kayan Ford Falcon aka gina ta, motar iyali mai arha, aka ɗora mata kyakkyawan bodi, shi ya sa Lee Iacocca, babban jami'in Ford na lokacin, da mutanensa suka iya sayar da fiye da 400,000 a shekarar farko. MGB ta Ingila, wadda aka ƙera fiye da rabin miliyan a garin Abingdon tsakanin 1962 da 1980, injinta da yawancin kayanta na motocin gida ne na kamfanin da ya mallake ta. Hakan ya yiwu ne domin a wancan zamani yawancin motocin iyali tayoyin baya ke tura su. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 ƙananan motoci suka koma ja da tayoyin gaba saboda ya fi arha kuma ya fi ba da fili a ciki, daga baya kuma kasuwa ta koma ga jif-jif masu tsayi. Yau duk kamfanin da ke son ƙaramar mota gajera mai tura ta baya, sai ya zana mata ƙashinta na kanta tun daga tushe, ya gwada ta a karo, ya nema mata takardun amincewa a kowace ƙasa, sannan ya raba wannan ɗawainiya a kan motoci kaɗan. A 1990 Mazda ta sayar da MX-5 kusan 36,000 a Amurka, a 'yan shekarun nan kuwa ba ta kai 10,000 a shekara. GR86 tana wajen 11,000, alhali Toyota ɗin nan ta sayar da RAV4 fiye da 470,000 a 2024 a ƙasar. Akantan kamfani da aka ajiye wa waɗannan alkaluma biyu a gabansa ba ya bukatar mugunta kafin ya san inda zai zuba kuɗi.

Shi ya sa da yawa daga cikin waɗanda suka rage a kasuwa 'yan haɗin gwiwa ne, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. GR86 da Subaru BRZ mota ɗaya ce da suna biyu, a masana'antar Subaru da ke Gunma ake haɗa su, da injin Subaru. Supra da aka farfaɗo da ita a 2019 tagwaye take da BMW Z4, kuma kamfanin Magna Steyr ne aka ba aikin haɗa su a birnin Graz na Ostiriya. Masoya sun yi ta ƙorafin cewa ba Toyota ce ta asali ba, amma ba tare da wannan yarjejeniya ba da babu ita kwata-kwata. Wani lokaci ma ba lissafi ne ke ceton irin wannan mota ba, mutum ɗaya ne. Akio Toyoda, wanda ya shugabanci Toyota daga 2009 zuwa 2023 kuma yake shiga tsere da kansa da laƙabin Morizo, shi ya tsaya wa waɗannan motoci a cikin kamfanin, kuma abin damuwa ne a ce rayuwar wani nau'in mota ta rataya a kan sha'awar shugaba guda.

Sai maganar dokoki, wadda nan ne muhawarar ta fi zafi, kuma nan ne ya kamata a fi yin adalci. Abin da ya kori GR86 daga Turai dokar kiyaye haɗari ce ta Tarayyar Turai da ta hau kan duk sabbin motoci daga Yulin 2024, wadda ta wajabta na'urori irin su birkin gaggawa mai kama kansa, da mai gargaɗin wuce ƙa'idar gudu, da mai hana fita daga layi, kuma Toyota ta ga gyaran da motar ke bukata bai cancanci kuɗinsa ba a kan ɗan adadin da za a sayar. A ɓangaren hayaƙi, Tarayyar tana auna matsakaicin abin da duk motocin kamfani ke fitarwa, ta ci tarar yuro 95 a kan kowane giram da ya haura ƙa'ida, a ninka da yawan motocin da kamfanin ya sayar. Faransa ta ƙara nata harajin, wanda a 2024 ya kai yuro 60,000 ga motar da hayaƙinta ya wuce giram 193 a kilomita, GR86 kuwa tana wajen 200, wato harajin ya fi kuɗin motar. Nissan ba ta ma kai sabuwar Z Turai ba. Ba na cikin masu zagin waɗannan dokoki, domin ran mai tafiya a ƙasa da iskar da yara ke shaƙa sun fi nishaɗin direba daraja, kuma wanda ya taɓa zuwa ta'aziyyar wanda mota ta buge ba zai yi jayayya da birkin gaggawa ba. Inda nake ganin an yi kuskure shi ne yadda nauyin dokar yake faɗawa. Wanda zai sayi motar yuro 300,000 harajin yuro 60,000 ba zai hana shi barci ba, kuma ƙananan kamfanonin motocin alfarma suna da sassauci na musamman a dokar hayaƙi ta Tarayyar, amma motar yuro 35,000 nan take harajin yake kashe ta. Sakamakon shi ne attajiri ya ci gaba da tuƙa abin da yake so, malamin makaranta kuma aka rufe masa ƙofa, alhali motar da aka hana shi ta fi waccan ƙarancin shan mai nesa ba kusa ba.

Idan kuwa MX-5 da GR86 ba su yi tsada ba a lissafi, me ya sa matashi a Amurka ko Ingila yake jin sun fi ƙarfinsa? Domin ba farashin mota kaɗai yake biya ba. Mota mai kujera biyu kusan kullum ta biyu ce a gida, kuma mota ta biyu tana bukatar rarar kuɗi da wurin ajiyewa. Kuɗin haya da na sayen gida a manyan biranen waɗannan ƙasashe sun tsere wa albashi, inshorar matashi mai motar gudu tana da tsada tun asali kuma ta ƙara hawa sosai a 2023 da 2024, babban bankin Amurka kuma ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a tsakiyar 2023, a ƙasar da yawancin motoci da bashi ake sayensu. Wanda mota ɗaya kawai zai iya riƙewa dole ya zaɓi wadda za ta kai yara makaranta ta kuma ɗauko cefane. Ga kuma dillalai, waɗanda a Amurka doka ta ba su damar sa farashin da suka ga dama, domin na kamfani shawara ce kawai, kuma lokacin ƙarancin motoci bayan annobar korona da yawansu sun ɗora dubban daloli a kan sabuwar Z da GR86. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba harajin kashi 25 cikin ɗari a kan motocin da ake shigowa da su, kafin a daidaita da Japan a kan kashi 15, kuma MX-5 da GR86 da BRZ da Z duk a Japan ake ƙera su. Motar da ribarta siririya ce tun farko ba ta da kitsen da za ta shanye irin wannan.

Akwai laifin da ke wuyan masoyan kansu, kuma ba a cika faɗarsa ba. Da yawa daga masu neman a ƙera mota mai arha, idan ta fito sai su ce za su jira ta shekara uku su sayi ta hannu. Kamfani kuwa sabuwa kaɗai yake ƙirgawa. Idan sababbin da aka sayar kaɗan ne, na hannu ma kaɗan za su kasance, farashinsu ya ƙi sauka, kamar yadda ake gani a S2000 da Supra ta shekarun 1990, waɗanda masu tsabta a cikinsu yanzu sun fi kuɗin da aka saye su sababbi. A nan ne lamarin ya shafe mu kai tsaye, domin mu a ƙarshen wannan layi muke. Motar da ke zuwa Kano ko Kaduna ko Maraɗi ta hanyar Legas ko Kwatano, wani ne ya saye ta sabuwa a Amurka ko Turai shekara goma da suka wuce, kuma abin da ba a saya a can yau ba, ba zai zo mana ba gobe. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aka kuma saki naira, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, motar dala 30,000 ta zama ta naira miliyan 45 kafin kwastam su ce komai, don haka kalmar arha a wannan muhawara ba da aljihunmu aka auna ta ba. Hanyoyinmu ma ba su yi mata maraba ba. Na taɓa tsayawa ina kallon wani matashi da gajeriyar mota mai ƙofa biyu yana ƙetare tudun rage gudu a cikin unguwa: sai da ya karkace ya hau da taya ɗaya-ɗaya, abokinsa ya fita ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta yana yi masa ishara da hannu, 'yan adaidaita sahu sun yi layi a bayansa suna danna oda, kuma duk da haka sai da salansa ta goga. Sha'awar tana nan a cikin matasanmu, ana ganinta a wasan mota da ake yi a bukukuwa da tsofaffin BMW da Marsandi, wanda ya sha jawo asarar rayuka domin a kan titin jama'a ake yinsa, ba a filin da aka keɓe ba.

Sauran tambayar ita ce ina aka dosa, kuma amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce lantarki. Matsalar nauyi ce. Tankin MX-5 lita 45 yake ci, fetur ɗin da bai kai kilo 35 ba, alhali batirin da zai kai mota irin wannan nisa ɗaruruwan kilo ne. Tesla Roadster ta 2008, wadda aka gina a kan tsarin Lotus Elise, ta fi Elise nauyi da kusan kilo 400 kuma an sayar da ita a wajen dala 100,000. MG Cyberster, wadda kamfanin SAIC na China ya kawo Birtaniya a 2024, kyakkyawa ce mai buɗaɗɗen rufi, amma nauyinta ya kusa kilo 1,900, kusan ninki biyu na MX-5, farashinta kuma kusan fam 55,000. Hyundai Ioniq 5 N ta nuna cewa ana iya sa motar lantarki ta yi daɗin tuƙi, har da kwaikwayon canjin giya da ƙarar inji, sai dai ta haura tan biyu kuma ta fito a kan sama da dala 60,000. Lantarki ya kuma yi wani abu da ya sauya muhawarar gaba ɗaya, domin ya mai da saurin tashi abu mai arha. MG4 XPower, motar iyali mai ƙofa biyar, tana kai kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 4 kuma a kan wajen fam 36,500 ta fito a 2023, abin da a da sai motocin attajirai. Idan motar kai yara makaranta za ta bar motar gudu a baya a fitilar hanya, to motar gudu ba ta da sauran abin talla sai rashin nauyi da giyar hannu da yadda take amsa wa direba, wato ainihin abubuwan da batir yake ragewa.

Hanya ta biyu ita ce haɗa fetur da lantarki, kuma Honda ta gwada ta da sabuwar Prelude a 2025, mai ƙarfin doki 200, ba giyar hannu, a kan dala 42,000 a Amurka. Mota ce mai tsimin mai, amma wanda ya ajiye ta kusa da GR86 mai doki 228 da ta fi ta arha da fiye da dala 10,000 zai gane me ya sa farashin ya jawo surutu. Hanya ta uku man da ake haɗawa a masana'anta ne maimakon haƙowa daga ƙasa. Porsche tana da hannu a wata masana'antar gwaji da aka buɗe a kudancin Chile a Disamban 2022, Jamus ta matsa a 2023 har Tarayyar Turai ta yarda a bar wa irin wannan mai ƙofa bayan 2035, shekarar da ta tsara daina sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi, Toyota da Subaru da Mazda kuma suka sanar tare a Mayun 2024 cewa za su ci gaba da ƙera sababbin injuna da za su iya amfani da shi. Sai dai man yana da tsada kuma kaɗan ake samarwa, jiragen sama da na ruwa kuma sun fi motar nishaɗi bukatarsa, saboda haka ba na sa ran shi zai riƙe arhar kowace mota nan kusa.

Inda na tsaya shi ne, a shekaru goma masu zuwa motar gudu mai sauƙin kuɗi za ta rayu ne kawai idan ta ƙi girma. Ƙaramin injin fetur, ko da ɗan taimakon lantarki mara nauyi don a cika sharaɗin hayaƙi, nauyin da bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, ƙashi ɗaya da kamfanoni biyu ko uku za su raba kuɗinsa, da kuma haƙurin barin ƙarni ɗaya ya yi shekara goma a kasuwa kamar yadda MX-5 ta yanzu ta yi tun 2015, domin kuɗin zane ya fita a hankali. Mota mara nauyi ba ta shan mai da yawa, ba ta cin taya da birki, kuma idan ta yi karo ɓarnar da take yi wa na waje ba ta kai ta jif mai tan biyu da rabi ba, don haka masu tsara doka suna da dalilin da zai sa su sassauta mata maimakon su auna ta da mudu ɗaya da manyan motoci. Toyota ta nuna wata 'yar ƙarama mai suna S-FR a Tokyo a 2015 wadda da ta zauna a ƙasan 86 a farashi, jama'a suka yaba, amma ba a ƙera ta ba, kuma Honda ta daina S660 a 2022. A 2025 manyan jami'an Mazda sun shaida wa 'yan jarida cewa burinsu ga MX-5 mai zuwa shi ne ta sauko ƙasa da tan ɗaya, da injin fetur mara turbo, da giyar hannu. Idan suka cika wannan alkawari kuma farashin ya tsaya kusa da inda yake a yau bayan an cire hauhawar farashi, zan so in ga ko masu kukan tsada za su je wurin dillali su saye ta sabuwa.